Tarihin Ibnu Hajar: malamin da ya rufe ɗiyanshi mata 5 kuma bai yanke ƙauna ga rahamar Allah ba

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malam, ko a Maraɗi ne, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, da wuya bai ji sunan littafin Bulugul Marami ko Fathul Bari ba. Sunan mai littattafan, Ibnu Hajar Al'askalani, shi ma ba baƙo ba ne a kunnenmu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne irin jarrabawar da ta faɗa ma gidanshi. Mun zaɓo tarihinshi ne saboda wata tambaya da takan taso a zuciyar uwa ranar da aka fita da gawar ɗanta, ko a zuciyar ɗan kasuwa ranar da gobara ta cinye rumfarshi: in Allah mai jinƙai ne, mai son bayinshi, don me wannan ya same ni? Ibnu Hajar ya yi shekaru yana fama da wannan tambaya, kuma ya bar muna amsar da ya samu.

Maraya a gidan fatake

Sunanshi Ahmadu ɗan Aliyu. An haife shi a birnin Alƙahira ta ƙasar Misira a shekarar 1372, wadda ta yi daidai da 773 ta Hijira. Danginshi ƴan kasuwa ne kuma masu ilimi. Mahaifiyarshi ta rasu yana ƙarami ƙwarai, mahaifinshi kuma ya bi ta a 1375, lokacin yaron yana da kamar shekara 4. Daga shi sai yayarshi, Sittur Rakbi, wadda ta girme shi da shekara 3.

Wanda ya riƙe su wani babban attajiri ne, Zakiyyud Dini Alharrubi, ɗaya daga cikin manyan fataken da ake kira Karimi. Su ne ke sayo masoro da citta da kanumfari daga Indiya, su bi da su ta tashar Adan ta ƙasar Yaman, su ratsa Bahar Maliya zuwa Misira, inda Turawa ke zuwa saye. A hannun wannan mutum yaron ya hardace Alƙur'ani yana ɗan shekara 9. Ya tafi da shi Makka, kuma a azumin 785 ta Hijira, yana ɗan shekara 12, ya ja mutane sallar asham a can. Bayan shekara 2 mai riƙon nashi ya rasu, maraicin ya dawo mashi sabo.

Yayarshi ce ta zame mashi uwa. Mace ce mai karatu da kaifin basira, kuma shi da kanshi ya sa tarihinta cikin littattafanshi. Ta rasu a 1396 tana da kamar shekara 28. A cikin wannan shekarar ya auri Unsu Hatun, ɗiyar wani babban ma'aikacin fada mai kula da lissafin rundunar soja.

Ilimi da fatauci

Ibnu Hajar ya yi shekara 10 yana ɗaukar hadisi wurin Zainud Dini Al'iraƙi, babban malamin hadisi na zamaninshi. Ya yi tafiye-tafiye zuwa Sham da Hijaz da Yaman, kuma cikin malamanshi akwai mata da dama, irin su A'isha ɗiyar Abdul Hadi da ya yi karatu wurinta a Dimashƙa. Tafiyarshi ta Yaman ta haɗa neman ilimi da saye da sayarwa, kamar yadda iyayenmu fatake ke haɗa allo da kaya.

A tafiyarshi ta biyu, cikin 806 ta Hijira, jirgin ruwan da yake ciki ya fashe. Kayan fatauci da kuɗi da littattafan da ya rubuta da hannunshi suka faɗa ruwa. Shi ya tsira da ranshi, an kuma samu ceto wasu daga cikin kayan, sauran suka tafi. Duk ɗan kasuwar da motar kayanshi ta taɓa kifewa a hanya ya san ɗacin wannan rana. Sai dai asarar dukiya ita ce mafi sauƙi cikin abubuwan da ke jiran shi.

Ɗiya 5, kabari 5

Unsu ta haifa mashi ɗiya mata 5: Zainu Hatun, Farha, Galiya, Rabi'a da Faɗima. A wancan zamani wata annoba da Larabawa ke kira ɗa'un ta zama kamar baƙon dole a Misira. Ta fara shigowa da ƙarfi a 1347 zuwa 1349, inda masana tarihi ke ƙiyasta ta kashe wajen kashi 1 cikin 3 na mutanen ƙasar. Daga nan kuma sai ta riƙa komowa bayan ƴan shekaru. Alamunta zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a hammata ko matsematsi ko wuya, kuma cikin kwana kaɗan sai a ji mutum ya cika.

A 1416 annobar ta shiga gidan Ibnu Hajar, ta ɗauki Galiya mai kamar shekara 12 da Faɗima mai kamar shekara 2. Farha ta rasu a 828 ta Hijira, Rabi'a a 832. Sai a 1430, wato 833, annobar ta sake dawowa ta ɗauki babbar, Zainu Hatun, tana da juna biyu. Cikin shekara 14 ɗakin Unsu ya zama ba ɗiya ko ɗaya. Ɗa namiji guda da ya rayu bayan Ibnu Hajar, Muhammadu, wata ƙwarƙwara ce ta haife shi, abin da ya sosa ran uwargidan ƙwarai. Ita kuwa abin da ya rage mata shi ne jikoki, cikinsu har da Yusufu ɗan Zainu Hatun, wanda ya tashi ya zama mai ilimi.

Littafin da baƙin ciki ya haifa

A shekarar da ƙananan ɗiyanshi 2 suka rasu ya fara tattara hadisan da suka yi magana a kan annoba. Ya ajiye aikin, bai kammala shi ba sai a shekarar da babbar ta rasu. Sunan littafin Bazlul Ma'un. An fassara shi zuwa Ingilishi a 2023, bayan cutar korona ta sa mutane sun koma neman shi.

Ga abin da muka fahimta daga cikinshi, a taƙaice. Na farko, ya tsaya a kan cewa mutuwa cikin annoba rahama ce da shahada ga mumini, bisa hadisan da suka inganta. Ciwo guda ne ke kama nagari da mugu, amma abin da kowane ke tararwa wurin Allah ya bambanta. Don haka ba a duban gidan da aka yi rashi a ce Allah ya yi fushi da su. Ya kawo misalin annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ta kashe manyan sahabbai irin su Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. In da mutuwar annoba alamar ƙiyayyar Allah ce, da ba ta taɓa waɗannan ba. Ya kuma nuna cewa wanda ya zauna garinshi cikin haƙuri da neman lada, yana sane ba abin da zai same shi sai wanda aka rubuta mashi, yana da ladan shahidi ko da annobar ba ta kashe shi ba.

Na biyu, haƙuri a wurinshi bai hana motsi ba. Wasu malamai sun ce tun da annoba rahama ce, bai kamata a roƙi Allah ya ɗauke ta ba. Shi bai yarda da wannan ba, ya ce roƙon lafiya halal ne, kamar yadda neman magani yake halal. Ya shawarci mutane su gaggauta tuba, su mayar da haƙƙin da ke kansu, su rubuta wasiyya, su duba marasa lafiya, su yi ma Allah kyakkyawan zato. Har shawarwarin likitocin zamaninshi a kan abinci da kula da jiki ya kawo. Ƴan kasuwa, mu lura da zancen haƙƙi: bashin da ba a rubuta ba da ajiyar da ba shaida su ne ke raba zumunta bayan an yi rasuwa.

Na uku, bai ce kada a yi kuka ba. A cikin Sahihul Buhari, littafin da ya yi shekara 25 yana sharhinshi, akwai labarin hawayen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar rasuwar ɗanshi Ibrahim. Ibnu Hajar ya bayyana cewa hawaye da ɓacin zuciya ba su ɓata haƙuri, abin da aka hana shi ne kururuwa da furta maganar fushi da hukuncin Allah. Uwar da ke zubar da hawaye ba ta rasa imani ba.

Mai ƙidaya ne

Jinin kasuwanci bai bar shi ba, domin mutum ne mai duba lissafi. A annobar 1430 an yi shela a Alƙahira cewa a yi azumin kwana 3, sannan a fita bayan gari a taru a yi addu'a, kamar yadda ake yi wurin roƙon ruwa. Ibnu Hajar ya ƙi wannan taro, ya ce ba shi da asali a sunna. Ya kuma rubuta abin da ya biyo baya: kafin fitar, waɗanda ke mutuwa a rana ba su kai 40 ba, amma kafin watan ya ƙare sun wuce 1000 a rana a cikin birnin kaɗai.

A nan dole mu faɗi inda ilimin zamaninshi ya tsaya. Shi ya tafi a kan cewa annoba sukar aljanu ce, kuma bai yarda tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ba. A 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong. Daga baya aka tabbatar ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓeraye ta sa ma mutane, kuma in ta kama huhu tana bin tari ta shiga wani. Yau ana warkar da ita da magungunan kashe ƙwayoyin cuta in an kai mutum likita da wuri. Amma hukuncin da ya riƙe, cewa kada a shiga garin da annoba ta faɗa kuma kada a gudu daga cikinshi, ya yi kusa da killacewar da likitoci ke yi a yanzu.

Akwai kuma darasi mai ɗaci ga masu mulki. A annobar 1438 Sarki Barsbay ya tambayi malamai dalilin bala'in, wasu suka ɗora laifin a kan yawan alfasha, sai ya hana mata fita tituna da kasuwanni gaba ɗaya. Masanin tarihi Almaƙrizi, wanda ya ga abin da idonshi, ya rubuta irin ƙuncin da zawarawa da mata masu sana'a suka shiga, da yadda cinikin tufafi da turaren mata ya tsaya. Annobar ba ta tsaya ba, sarkin kanshi ya rasu cikin wannan shekarar. Neman wanda za a ɗora ma laifi bai taɓa warkar da ciwo ba, talaka kawai yake ƙara ma wahala.

Ƙarshen rayuwarshi

Duk cikin wannan hali bai ajiye alƙalami ba. An naɗa shi babban alƙalin mazhabar Shafi'iyya na Misira a 827 ta Hijira, an tuɓe shi an mayar da shi sau da dama. Ya fara Fathul Bari a 1414, ya kammala a 1438, aka yi walimar da ta ci dinari 500. Sarakunan ƙasashe na nesa sun aiko neman littafin tun bai ƙare ba. A 1444 annobar ta taɓa shi shi ma, kaluluwa ta fito mashi a hammata, Allah ya tashi kafaɗunshi.

Ya rasu a watan Zulhajji na 852, wato Fabrairun 1449, yana da shekara 79 a lissafin Hijira. An rufe kasuwannin Alƙahira, Sarki Jaƙmaƙ ya halarci jana'izar, aka rufe shi a maƙabartar Ƙarafa, a hurumin dangin Alharrubi da suka riƙe shi yana maraya. Unsu ta rayu bayanshi har 1462. Malama ce ta hadisi, manyan ɗalibai irin su Assahawi sun yi karatu a gabanta. Mu riƙa tuna ta in muna tuna mijinta, domin ita ta ɗauki cikin ɗiyan nan 5, ita ta ga fitar gawarsu.

Iliminshi ya iso ƙasarmu ta hanyar alhazai da fatake da malamai. Shaihu Suyuɗi, wanda ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, ya taƙaita littafin nan na annoba a wani littafi nashi.

Abin da muka ɗauka

Ibnu Hajar bai ce ya san dalilin da ya sa aka ɗauki Faɗima tana ƴar shekara 2 aka bar tsoho ba. Abin da ya riƙe shi ne rahamar Allah ba a auna ta da abin da ido ya gani a duniya kaɗai, domin lissafin bai rufe a bakin kabari ba. Mu da muka san sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa, akwai abin koyi a nan. In an yi rashi a maƙwabta, mu je da ta'aziyya da ƙwaryar abinci, mu bar binciken laifin da ya jawo. In yaro ya yi zazzaɓi, mu kai shi likita da wuri, mu karɓi allurar rigakafi, mu haɗa da addu'a. In kuma abin ya fi ƙarfinmu, mu yi kukanmu, mu riƙe harshenmu, mu koma rumfa in kwanakin zaman makoki sun cika, kamar yadda ya koma kan alƙalaminshi.

Allah ya jiƙan Ibnu Hajar da Unsu da ɗiyansu, ya jiƙan namu da suka riga mu, ya ba waɗanda aka bari haƙuri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.