Malam Ibrahim na Kano, Uban Isawa

Karatu: Ayyukan Manzanni 7:54-60, Ibraniyawa 11:13-16

 Ko kana nan Atonsu, ko Aboabo, ko Asawase, ko wani gari mai nisa da muryar shirinmu take kaiwa, yau ina so mu koma Kano tare, Kano ta zamanin fatake, wadda kakannin da yawa daga cikinmu suka baro da jakuna suka bi hanyar Gwanja neman goro. A can aka yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda aka kashe a kasuwa wajen shekara ta 1867 saboda abin da ya gaskata game da Annabi Isa. Bai taɓa shiga majami'a ba, ba kuwa wanda ya yi masa baftisma. Sa'ad da ya mutu, da sauran shekara fiye da talatin kafin 'yan mishan su zo su nemi izinin zama a Kano.

Malam Ibrahim ɗan gida ne. Musulmi ne, malami mai almajirai, wanda fada ta san da shi. Hanyar malanta a wancan zamani ɗaya ce ga kowa: allo da tawada tun ana yaro, a sauke Alƙur'ani, sa'an nan a zauna a zauren malami a shiga littattafan fiƙihu da tafsiri. Cikin wannan karatu ne hankalinsa ya tsaya a kan mutum ɗaya. Ya ga Suratu Maryam ta ba da labarin haihuwar Isa daga budurwa. Ya ga Suratu Ali Imrana ta ce da izinin Allah ya warkar da makaho da kuturu, ya kuma ta da matattu. Ya ga Suratun Nisa'i ta kira shi kalmar Allah da ruhu daga gare shi, ta kuma ce Allah ya ɗauke shi zuwa wurinsa. Dubban malamai sun karanta waɗannan ayoyi kafin shi, suna kan karantawa har yau, sun kuwa fahimce su ta hanyar da ba ta raba su da jama'arsu ba. Shi kam da ya karanta, sai tambaya ta kama shi ta ƙi sakinsa. In haka Isa yake, wane matsayi ya kamata ya samu a zuciyar mai neman Allah? Daga nan ya fara koya wa almajiransa su ɗora begensu a kan Isa, su kuma zauna da shirin dawowarsa. Mutane suka sa musu suna Isawa, waɗansu kuma suna kiransu Bani Isra'ila.

A nan, ɗan'uwana, kada mu sa wa mutumin nan rigar da bai sa wa kansa ba. Mu masu wa'azi muna da wannan hali, in labari ya yi mana daɗi sai mu ƙara masa gishiri har ya dace da abin da muke so mu faɗa ranar Lahadi. Malam Ibrahim bai ɗauki kansa ɗan wata ikilisiya ba. Daga cikin Alƙur'ani ya yi tunaninsa, da harshen malaman Kano ya yi koyarwarsa, masana tarihi kuwa suna kallon Isawa na farko a matsayin wata ƙungiya da ta tsiro cikin Musulunci. Zamanin ma na jira ne, domin shekara ta 1300 bayan Hijira tana matsowa, wadda ta kama a ƙarshen 1882, jama'a da yawa a ƙasar Hausa kuwa suna sa ran bayyanar Mahadi da saukowar Isa. Abin da za mu iya faɗa da gaba gaɗi shi ne, ya bi ɗan hasken da ya samu har inda ya kai shi, bai kuwa ja da baya ba da ya ga inda hanyar ta nufa.

To, me ya sa fada ta damu da koyarwar malami guda? Sai ka duba halin da Kano take ciki. Sarkin lokacin shi ne Abdullahi ɗan Ibrahim Dabo, wanda ake kira Maje Karofi, ya hau gadon sarauta a 1855. Kafin hawansa, wajen 1846, wani malami mai suna Hamza ya tashi daga Tsakuwa da jama'arsa saboda rigimar haraji, ya shige duwatsun Ningi. Cikin 'yan shekaru wannan ƙaura ta zama runduna, Ningawa suka riƙa kai hari a kudancin ƙasar Kano suna kwashe mutane da dabbobi. Saboda haka duk malamin da ya tara mabiya, yana faɗar abin da ya saɓa wa na malaman fada, sarki ba zai gan shi da idon ilimi kaɗai ba. Zai tuna da Hamza. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sau da yawa tsanani yakan shigo ta wannan ƙofa, mai mulki yana tsoron kujerarsa, sai ya kira tsoron nan kishin addini, har shi kansa ya gaskata.

Akwai kuma maganar shari'a, wadda nake so ka fahimta sosai, gama ita ce gindin al'amarin. Daular da jihadin 1804 ya kafa ba ta ce kowa sai ya musulunta ba. Maguzawa sun ci gaba da zama a ƙauyukan Kano da al'adun kakanninsu, suna biyan jiziya, ana barinsu su yi nomansu. Wato wanda aka haifa a waje yana da wurin zama, ko da yake wurin na ƙasa ne, ba shi da murya a fada. Amma wanda aka haifa a ciki, in ra'ayinsa ya sāke, shari'a ba ta tanada masa wuri ba. A fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa suke hukunci da shi, wanda aka tabbatar ya yi ridda ana ba shi kwana uku ya tuba, in ya ƙi a kashe shi. Ka ga ke nan Bamaguje mai tsafi ya fi Malam Ibrahim kwanciyar hankali a Kano, alhali Malam Ibrahim mai salla ne, mai karatun Alƙur'ani.

Labarin da zuriyar almajiransa suka riƙe baki da baki ya ce an kira shi gaban sarki, aka nemi ya janye koyarwarsa, ya ƙi. Ya ce kuma tun kafin a kama shi ya gargaɗi mutanensa su bar birni, su jira, gama wata rana waɗansu za su zo musu da cikakken labarin Isa. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka tsire shi a kasuwar Kano, inda mai saye da mai sayarwa za su gani su ji tsoro. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Ba a nemi dukiyarsa ba, ba a nemi gidansa ba. Kalma kaɗan ce a baki, da ya furta ta da ya koma ya kwana cikin iyalinsa, mai yiwuwa ma da ya ci gaba da gaskata abin da yake so a ɓoye. Wa zai gani? Ni dai in na karanta labarin Istifanas cikin Ayyukan Manzanni, sai in tuna da wannan malami, wanda bai sami ko rabin abin da Istifanas ya sani ba.

Kada wannan labari ya sa ka kalli maƙwabcinka Musulmi da wani ido. Hannunmu mu Kirista ma ba a wanke yake ba. A shekara ta 1553, a birnin Janiba, a zamanin Yohanna Kalbin, an ƙone wani likita mai suna Sabetus da ransa saboda ya yi musun koyarwar Triniti, masu bin Littafi Mai Tsarki ne kuwa suka yanke hukuncin. A wancan gefe kuma, malaman Musulunci da yawa suna kafa hujja da aya ta 256 cikin Suratul Baƙara su ce ba a tilasta wa mutum a kan addini. Cutar tana kama duk wanda ya sami rinjaye ya manta cewa Allah ne kaɗai mai duba zuciya.

Cutar kuwa ba ta mutu ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sāke shi. Duk da haka a watan Agusta 2020 wata kotun shari'a a Kano ta yanke wa Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa saboda waƙar da ya yi, shi ma ɗan gida ne, Musulmi ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, sai a 2021 babbar kotu ta soke hukuncin ta ce a sāke shari'a. A watan Mayu 2022 taron ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, Majalisar Sarkin Musulmi kuwa ta fito ta yi tir da kisan. Mu a Gana lissafin ya juya. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kuwa wajen kashi 20. A cikin zango kai ne ƙarami, amma da ka fito bakin titi kai ne babba. A wannan shekara ta 2021 aka yi ta cece-kuce a ƙasar nan domin wata makarantar 'yan mata ta mishan a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumin Ramadan. Da ka ji labarin, wane gefe zuciyarka ta tsaya? In kana so a bar ɗan'uwanka a Kano ya yi sujada ba tsoro, me za ka ce wa yarinyar nan?

Mu koma ga almajiran Malam Ibrahim. Bayan mutuwarsa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauci, suna noma, suna koya wa 'ya'yansu abin da malaminsu ya bar musu. Tsofaffi suka mutu suna jira. A 1900 Bishop Tugwell ya iso Kano da mutum huɗu na mishan ɗin CMS, cikinsu da wani saurayin likita, Walter Miller. Sarki Alu ya ce su bar masa gari cikin 'yan kwanaki, suka fita. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba zai taɓa addininsu ba, gwamnatin mulkin mallaka kuwa ta fassara wannan alkawari da hana 'yan mishan aiki a mafi yawan masarautu. Da ƙyar Likita Mila, kamar yadda Zazzagawa suke kiransa, ya sami wurin zama a birnin Zariya a 1905.

Sai a 1913, shekara wajen arba'in da shida bayan kisan, waɗansu samari daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa a Zariya suna tambaya a kan Isa. Ta bakinsu ya ji labarin Malam Ibrahim. Daga cikin mutanensu waɗansu suka karɓi bishara, aka tattara iyalansu a wani wuri da ake kira Gimi a ƙasar Zazzau, aka kafa ƙauye da majami'a da makaranta, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, yana lura da su. Da ni ne mai tsara labari, a nan zan tsaya. Amma wurin yana da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗaukar mutane, manya da yara, cikin 'yan shekaru kaɗan Gimi ta zama kufai. Mutanen da kakanninsu suka tsira daga hukuncin sarki, ƙuda ya cinye su. Ban da wata amsa mai sauƙi da zan ba ka a kan wannan, littafin Ibraniyawa ma da ya jera masu bangaskiya bai ɓoye cewa da yawa sun mutu ba su riƙe abin da aka alkawarta musu a hannu ba.

Waɗanda suka ragu aka komo da su Zariya. A 1929 mishan ɗin ma ya fita daga cikin ganuwa ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila ya ba da ƙarfinsa a kai, jikokin almajiran Malam Ibrahim suka karanta labarin Isa da harshen da shi ya yi koyarwa da shi. Daga wannan zuriya Ishaya Audu ya fito, wanda aka haifa a Anchau a 1927. Ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe wannan kujera, ya yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983, ya ƙarasa kwanakinsa yana duba marasa lafiya yana wa'azi a Samaru, ya rasu a 2005. Ba dukan Isawa ne suka bi wannan hanya ba. Waɗansu suka koma cikin sauran Musulmi, waɗansu kuma suka zauna a ƙauyukansu a kan koyarwar malaminsu, ba su shiga ikilisiya ba, suka ci gaba da jiran Isa yadda ya ce musu.