Austin Bradford Hill: Masanin Ƙididdigar Da Ya Tona Asirin Taba Sigari

An haifi Austin Bradford Hill a birnin Landan ranar 8 ga Yuli, 1897. Mahaifinsa, Leonard Hill, fitaccen masanin yadda jikin ɗan Adam ke aiki ne, shi ya sa yaron ya taso da burin zama likita.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya masa hanya. Ya shiga aikin tuƙin jirgin sama a rundunar sojan ruwan Birtaniya, inda ya kamu da tarin fuka aka dawo da shi gida. Jinyar ta ɗauke shi shekaru, ta kuma hana shi karatun likitanci. Daga gida ya karanta ilimin tattalin arziki ta hanyar wasiƙa, ya sami digiri daga Jami'ar Landan a 1922.

Major Greenwood, wani masanin annoba da ya san gidansu, shi ya jawo shi cikin binciken lafiya. Daga bisani Hill ya gaje shi a kujerar Farfesan ƙididdigar lafiya a Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan. A 1937 ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin ƙididdiga a likitanci, wanda ɗaliban likita suka daɗe suna amfani da shi.

Cutar da ta so hallaka shi ce ta fara ɗaukaka sunansa. Lokacin da aka gwada maganin streptomycin a kan masu tarin fuka, Hill ya tsara yadda za a raba majinyata 107 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada son ran likita ya shiga zaɓen. Cikin wata shida, mutum 4 suka rasu daga 55 da aka bai wa maganin, yayin da 14 suka rasu daga 52 da aka bari a kan hutun gado kawai. Rahoton ya fito a 1948, kuma wannan tsari ya zama ma'aunin gwada sababbin magunguna, har da na ciwon daji.

A wannan lokaci mace-mace daga ciwon dajin huhu na ta hauhawa a Birtaniya. Wasu na zargin hayaƙin motoci, wasu kwaltar tituna. Hill da wani matashin likita, Richard Doll, suka sa aka yi wa majinyata tambayoyi a asibitoci 20 na Landan. Cikin maza 649 masu ciwon, 2 ne kawai ba sa shan taba, alhali cikin maza 649 masu wasu cututtukan an sami 27. Sun bayyana sakamakon a 1950.

Da yawa ba su gamsu ba, ciki har da babban masanin ƙididdiga Ronald Fisher, wanda ke ganin haɗuwar abu biyu ba ta nuna ɗaya ne sanadin ɗaya. Don ƙarfafa hujja, a 1951 Hill da Doll suka aika wa likitocin Birtaniya kusan 60,000 takardar tambayoyi, fiye da 40,000 suka amsa. Sai suka riƙa bin bayanan mutuwarsu shekara bayan shekara. Alƙaluman 1954 da na 1956 sun nuna cewa gwargwadon yawan tabar da likita ke sha, gwargwadon haɗarin mutuwarsa da ciwon. An ci gaba da binciken har 2001, inda ya nuna cewa mai shan sigari tsawon rayuwarsa na rasa kimanin shekara 10.

A 1965 Hill ya zayyana abubuwa tara da ya kamata a duba kafin a ce wani abu ne ke haddasa cuta. Daga cikinsu akwai ƙarfin alaƙar, da maimaituwarta a wurare daban-daban, da tabbatar da cewa sanadin ya riga cutar zuwa. Ya kuma ja hankali cewa rashin cikakken sani ba dalili ba ne na jinkirta matakin da zai ceci rayuka.

An zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Birtaniya a 1954, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1961. Ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 1991, yana da shekara 93, bai taɓa samun digirin likita ta hanyar karatu ba. Gargaɗin da ake bugawa a jikin kwalin sigari a Najeriya da sauran ƙasashe na cikin abubuwan da aikinsa ya share wa fage.