Marcello Malpighi, Likitan da Ya Binciki Harshe

Mu malamai mun sha jin yara suna tambaya yadda harshe ke rarrabe zuma da maɗaci. Wanda ya fara gano kan wannan al'amari shi ne Marcello Malpighi, mutumin Italiya.

An haife shi ran 10 ga Maris 1628 a Crevalcore, kusa da birnin Bologna. Iyayensa suka rasu yana ɗan shekara 21, suka bar masa ƙanne, amma bai yar da karatu ba, har ya sami shaidar likita a jami'ar Bologna cikin 1653.

Cikin 1661 ya duba huhun kwaɗo da madubin nan mai kambama ƙananan abubuwa, ya ga 'yan hanyoyin jini da suka fi gashi siranta, watau waɗanda ke haɗa jijiyoyin da ke fita da jini daga zuciya da masu komowa da shi.

Sa'ad da yake koyarwa a Messina ya juya kan harshe, ya buga littafinsa cikin 1665. Ya dafa harshen sa, ya riƙa ɓare fatar bi da bi: ta sama mai tauri, ta tsakiya mai taushi kamar raga, sa'an nan ƙarƙashinta ga 'yan tsirarraki birjik. Da ya bi sawun jijiyoyi ya tarar suna shiga cikinsu, sai ya tabbata nan ne ɗanɗano yake. Bayan kamar shekara 200 Lovén da Schwalbe suka ga ainihin 'yan ƙullutun ɗanɗano a jikin waɗansu tsirarrakin.

Tsofaffin likitoci masu bin littattafan Galen ido rufe suka tasam masa da gaba, suna ganin madubi ba ya warkar da kowa. Cikin 1684 wuta ta ci gidansa, madubai da takardu suka salwanta, duk da haka bai karai ba. Fafaroma Innocent na 12 ya kira shi Rum ya zama likitansa cikin 1691, can ya rasu a watan Nuwamba 1694.

To, malaman Gusau da Tsafe da Bungudu, harshen sa ba ya wuya wurin mahauta. Mu saya, mu dafa, mu ɓare shi gaban yara, su gani da idonsu kafin mu buɗe littafi.