Django Reinhardt, makaɗin da ya koma gita da yatsu biyu

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi a kasuwar Tasawa ya san aikin hannun hagu. Dama ke kaɗawa, amma hagu ce ke danna tsirkiya har kiɗan ya yi magana. Wannan hannun ne wuta ta lalata wa Django Reinhardt yana ɗan shekara 18.

An haife shi ranar 23 ga Janairu 1910 a Liberchies, ƙasar Beljik, cikin Manush, wani reshe na ƙabilar Rom masu yawo gari-gari a amalanken doki mai rufi, wanda shi ne ɗakinsu. A gefen birnin Paris ya tashi. Boko bai dame shi ba. Tun yana yaro yake kaɗa banjo a gidajen rawa, kuma a 1928 aka fara ɗaukar kiɗansa a faifai.

A ƙarshen wannan shekarar, wani dare, kyandir ya faɗa kan furannin roba da matarsa Bella ke yi don sayarwa. Nan take amalanken ya kama. Sun tsira, amma shi ya ƙone ƙwarai, musamman ƙafar dama da hannun hagu. Likitoci suka so yanke ƙafar, ya ƙi. Sai da ya yi kusan shekara kafin ya taka da sanda. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi kuwa suka ƙanƙance, ba su sake miƙewa ba.

Jinyar ta ɗauki wata 18. Ga saurayin da sunansa ya fara fita, kwanciyar kanta wani ciwo ne: abokai na can suna kiɗa, mutane sun yanke cewa tasa ta ƙare, aurensa ma bai daɗe ba bayan gobarar. Ana cikin haka ƙanensa Joseph ya kawo masa gita har gadon jinya. Kyauta ce mai haɗari, don tana iya zama abin tuna masa da asara kullum. Shi kuwa ya maishe ta aikin yini. Bai zauna jiran yatsun su warke ba. Ya sake koyon kiɗa daga tushe da manuniya da yatsan tsakiya, yana zarya da su sama da ƙasa a wuyan gita, maimakon shimfiɗa yatsu huɗu kamar kowa. Naƙasassun biyun ma bai bar su banza ba, yakan ɗora su kan tsirkiyoyin ƙasa idan zai haɗa sauti.

A 1931, a Toulon, wani mai zane, Émile Savitry, ya sa masa faya-fayan Louis Armstrong, daga nan ya rungumi jaz. A 1934 shi da mai gogen Turawa Stéphane Grappelli suka kafa Quintette du Hot Club de France. A 1946 ya zaga Amurka tare da Duke Ellington.

Ya rasu ranar 16 ga Mayu 1953 yana da shekara 43, bayan jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, lokacin yana zaune a Samois-sur-Seine. Akwai wani gajeren fim na ƙarshen shekarun 1930 da ke yawo a intanet. A ciki ana ganin hannun sarai, yatsu biyu a lanƙwashe, biyu na gudu.