Farfesa Thomas Adeoye Lambo: Likitan da ya mayar da ƙauye asibiti

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi, a ƙaramar hukumar Tarauni, ya san majinyaci ba ya zuwa shi kaɗai. Sai da uwa ko ƙanwa ko ɗan'uwa, ɗauke da tabarma da kwanon abinci.

Mutane da dama na kallon wannan a matsayin al'ada kawai. To amma akwai wani likita ɗan Najeriya da tun a shekarar 1954 ya ɗauki zaman mai jinya kusa da mai taɓin hankali a matsayin wani ɓangare na maganin kansa. Wannan likita shi ne marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo.

An haife shi a garin Abeokuta ranar 29 ga watan Maris na 1923. Ya yi sakandare a makarantar 'yan maza ta Baptist da ke garin, sannan ya tafi Ingila inda ya karanci aikin likita a Jami'ar Birmingham, ya kammala a 1948. A 1952 ya shiga cibiyar koyon aikin ƙwaƙwalwa ta Maudsley da ke Landan, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a wannan fanni.

Ilimin da ya tarar a can bai ɗauki baƙar fata da daraja ba. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa littafin wani likitan mulkin mallaka, J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi. Carothers ya yi ta kwatanta ƙwaƙwalwar ɗan Afirka mai lafiya da ta Baturen da aka yi wa tiyata aka datse masa jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Manyan likitoci sun karanta littafin, ba su ga aibinsa ba.

Lambo ya mayar da martani da kundin digirinsa na digirgir, wanda ya rubuta kan yadda al'ada ke shafar ciwon zargi da ruɗu a tsakanin Yarabawa, kuma ya buga sakamakonsa a wata mujallar likitoci ta Ingila a 1955. Hujjarsa ita ce ciwon ɗaya ne a ko'ina, harshen da yake magana da shi ne ya bambanta. Baturen da ke ruɗu zai iya cewa ana bibiyarsa da na'ura, Bayarabe kuwa ya ce sammu aka yi masa. Likitan da bai san al'adar mutane ba, sai ya kira abin da gari duka ya yi imani da shi hauka, ko kuma ciwo na gaske ya wuce ta gabansa bai gane ba.

Ya koma gida a 1954 aka ba shi jagorancin asibitin Aro, a bayan garin Abeokuta. A lokacin, abin da gwamnati ta tanada wa masu taɓin hankali bai wuce gidajen tsaro irin na Kalaba da Yaba ba, da kuma wasu ɗakuna a gidajen yari. Wanda iyalinsa suka rasa yadda za su yi da shi, sai turu da mari.

Ginin asibitin Aro bai ma kammala ba. Maimakon ya zauna jiran 'yan kwangila, Lambo ya je ya zauna da dagatai da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da wurin, ya nemi su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a gidajensu. Ba ƙaramin abu ya nema ba, domin ba kowa ne zai yarda a sauke masa mahaukaci a tsakar gida ba. Amma suka amince, kuma shirin ya fara aiki a watan Oktoba na wannan shekara.

Sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwa wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya kai shi asibiti da safe ya dawo da shi da yamma. A asibitin ana ba shi magungunan zamani da jinyar lantarki irin wadda ake yi a wancan lokaci, ma'aikatan jinya kuma suna kwana a ƙauyukan don abin da ka iya tasowa cikin dare. Wanda ya fara samun sauƙi sai ya shiga kasuwa, ya je gona, ya halarci masallaci ko coci tare da mutanen gari. Masu gidaje suna karɓar kuɗin haya, an ba su rance sun ƙara ɗakuna, aka kuma gyara musu ruwan sha.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne jawo masu maganin gargajiya da ya yi cikin aikin. Ya lura cewa kusan duk wanda ya zo Aro ya riga ya bi ta hannunsu, kuma zai koma gare su bayan an sallame shi. Don haka ya zaɓi wasu ya sa su aiki a ƙarƙashin kulawar asibiti, su saurari majinyaci da harshen da yake fahimta. Wasu abokan aikinsa sun ga wannan a matsayin zubar da mutuncin likita.

Hankalinsa bai tsaya a ƙauye ba. Ya binciki halin ɗaliban Najeriya da ke karatu a Birtaniya da Ireland, waɗanda ake dawo da wasunsu gida hankali a gushe, ya fitar da rahoto a 1960. Abin da ya gano ba rauni ba ne a ƙwaƙwalwarsu. Kaɗaici ne, da ƙarancin kuɗi, da wariyar launin fata, da nauyin dangin da suka tara kuɗi suka tura yaro suna jiran ya dawo da digiri. Shi kansa ya yi wannan zama, ya san ɗacinsa. Waɗannan tambayoyi su ne har yau masu digirin digirgir a fannin ba da shawara ke bincike a kansu a tsakanin baƙi da 'yan tsiraru a Turai da Amurka.

A 1961 ya shirya taron likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka na farko a Abeokuta. Tare da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, ya gudanar da binciken da aka wallafa a 1963, wanda ya kwatanta Yarabawa da mazauna wani yanki na karkara a Kanada, aka ga alamomin ciwon sun yi kama ƙwarai.

Daga nan sai muƙamai suka biyo baya. Ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan a 1963, shugaban jami'ar daga 1968 zuwa 1971, sannan ya koma Janiba. Daga 1973 zuwa 1988 shi ne mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, wato hukumar da ta buga littafin Carothers shekara 20 kafin nan.

Sai dai shirin ƙauyen bai bazu yadda aka yi fata ba. Masu suka sun ce ba a auna nasararsa da ƙwaƙƙwaran ma'auni ba, kuma ya fi dacewa da mazauna karkara. Da Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, sai shirin ya yi rauni, Aro ta zama babban asibitin gwamnatin tarayya mai gadaje.

A arewacin Najeriya ma hanyar asibiti aka bi, kamar na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Iyalai da yawa kuwa malami ko mai ruƙiyya suke fara nema, su biyun kuma, likita da malami, ba kasafai suke zama su tattauna kan majinyaci ɗaya ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Farfesa Lambo ya rasu ranar 13 ga watan Maris na 2004, saura kwana 16 ya cika shekara 81. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawa ta 1916, ta ci gaba da aiki bayan rasuwarsa, har zuwa watan Janairu na 2023 da aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.