Fasto Oberlin na Kwarin Duwatsu

A gabashin ƙasar Faransa, cikin lardin Alsas da ke iyaka da Jamus, akwai jerin tsaunuka da ake kira Vosges. A cikinsu akwai wani kwari mai suna Ban de la Roche, wanda Jamusawa ke kira Kwarin Duwatsu, kuma sunan ya dace da shi. Ƙasar tsakuwa ce, ruwan sama yakan wanke ta daga gangara, dusar ƙanƙara kuma takan rufe hanyoyi wata da watanni. Yaƙin Shekara Talatin, na 1618 zuwa 1648, ya kusa shafe mutanen wurin. Jikokin waɗanda suka tsira sun zauna cikin talauci a ƙauyuka biyar: Waldersbach, Fouday, Belmont, Bellefosse da Solbach. Harshensu ma wani kari ne na gida, wanda mutanen birni ba sa ji.

Nan ne Yohanna Frederik Oberlin ya yi hidima har shekara 59. An haife shi a birnin Strasbourg ran 31 ga Agusta, 1740. Mahaifinsa malamin makaranta ne, shi kuma ya karanta tauhidi a jami'ar birnin. A 1767 Fasto Stuber, wanda ya riga ya fara gyara makarantun kwarin, ya neme shi ya gaje shi a ikkilisiyar Lutheran ta Waldersbach. Saurayi mai irin iliminsa zai iya samun babbar majami'a a birni, amma ya amsa kiran.

Farkon aikin bai yi masa daɗi ba. Wa'azinsa yana da zafi, mutanen kuwa ba su yarda da baƙo ba. Sannu a hankali ya gane cewa makiyayin da bai san abin da tumakinsa ke ci ba, muryarsa ba za ta yi nisa ba. Sai ya duba abin da ya fi damun kwarin, wato rashin hanya. Ya kawo shawarar a fasa duwatsu a yi hanya zuwa garin Rothau, a kuma ɗora gada a kan kogin Bruche, domin amfanin gona ya kai kasuwar Strasbourg. Da manoma suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai ya saɓa diga ya fara da kansa. Ganin haka suka bi shi, aka yi hanyar, aka gina gadar.

Daga nan ya juya ga gona. Ya kawo sabon irin dankalin Turawa, ya koya wa mutane tara taki da aurar da itatuwan marmari, yana fara gwadawa a gonar gidan fasto domin ido ya gani. Ya aika samari birni su koyi ƙira, gini da aikin kafinta. Ya kuma kafa asusun bashi domin talaka ya sayi kayan aiki.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne na ƙananan yara. A 1769 ya sami wata budurwa, Sara Banzet, tana tara yara a Belmont tana koya musu saƙa. Ya ɗauki wannan dabara ya faɗaɗa ta. A ɗakuna masu ɗumi, 'yan mata da aka horar suna koya wa yara saƙa, waƙa, Faransanci, sunayen tsirrai da labaran Littafi Mai Tsarki. Ana lissafa waɗannan ɗakuna cikin makarantun renon yara na farko a Turai. Louise Scheppler, 'yar Bellefosse, ta riƙe wannan aiki tsawon ranta. Ita ce kuma ta reni 'ya'yansa bayan rasuwar matarsa, Madeleine Salomé, a 1783.

Gwaji mai tsanani ya zo da juyin juya halin Faransa. Sa'ad da hukuma ta hana sujada a fili, Oberlin ya tara jama'arsa da sunan ƙungiyar 'yan ƙasa, ya ci gaba da koya musu da yin addu'a tare da su. A Yuli 1794 aka kama shi, amma faɗuwar Robespierre a kwanakin ta sa aka sake shi. Ya koma wurin garkensa. Daga baya hukuma ta girmama shi da babbar lambar yabo ta ƙasa a 1819.

Ya rasu ran 1 ga Yuni, 1826, yana da shekara 85, aka binne shi a Fouday. Mutanen kwarin, har da 'yan Katolika, suna kiransa Baba Oberlin. A 1833 aka sa sunansa ga wani sabon gari da kwaleji a jihar Ohio ta Amurka, gidan faston Waldersbach kuma ya zama gidan tarihi. Duk wanda aka aika hidima a ƙauyen da babu hanya, ko iyalin da ke ganin wurinsu ya yi ƙanƙanta, suna da abin tunani a rayuwar mutumin nan, wanda ya zauna wuri guda har aikin ya yi saiwa.