Marigayi Malam Aminu Kano: Malamin Makaranta Mai Neman A Saurari Talaka

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali, saboda haka tun yana ƙarami ya san yadda shari'a ke tafiya. Ya yi karatu a Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya fara koyarwa a Bauchi, ya ƙaro ilmi a Landan a 1946, sannan aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye alli ya shiga siyasa, daga baya ya zama shugaban jam'iyyar NEPU.

Dattawan Karaye da Rogo ba su manta da zamanin En'e ba. A lokacin, hakimi da ɗan doka da alƙali da gidan yari duk suna ƙarƙashin hukuma ɗaya. Wanda ya kama mutum da wanda zai yanke masa hukunci ubangidansu ɗaya ne, kuma ba a barin lauya ya tsaya wa kowa a kotun alƙali. Manomin da aka aza wa harajin da ya fi ƙarfinsa ba ya da inda zai kai kuka sai wurin waɗanda suka aza masa. 'Yan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala saboda taro ba izini ko zargin zagin sarauta.

Malam ya tsaya a kan cewa Musulunci bai yarda a hukunta mutum ba tare da an ji ta bakinsa an kawo shaidu ba, kuma alƙali ba yaron mai mulki ba ne. Da tafsiri da lacca ya riƙa koya wa talakawa su tambayi hujja.

Ya ga amfanin wahalarsa tun yana raye. A zamanin Janar Gowon, wanda Malam ya yi wa kwamishina, aka raba kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga En'e. A 1979 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Yau sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, cikinmu akwai alƙalai da shugabannin makarantu da manyan ma'aikata. Kafin mu kori yaro ko mu dakatar da ma'aikaci, mu kira shi mu gaya masa laifinsa, mu ba shi damar kare kansa.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.